Tazarar Haihuwa ta Zamani: Me Ke Hana Matan Aure a Ƙasashe Masu Ƙaramin Ƙarfi?

Waɗanne hanyoyi ake kira na zamani?

Ƙwayar da ake sha kullum, allurar wata uku, ashanar da ake sakawa ƙarƙashin fatar dantse ta yi shekara 3 zuwa 5, robar mahaifa da ke kaiwa shekara 10, sai kwaroron roba.

Me ya sa ake damuwa da maganar?

Saboda rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Mai kwanika, ga goyo ga ciki, jininta bai dawo ba ta sake komawa ɗakin haihuwa. A 2020 mata kimanin 287,000 suka rasu sanadin ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara.

Talauci ne kaɗai ke hana su?

A'a. Nisan asibiti da ƙarewar magani suna nan, ƙin amincewar miji ma haka, amma tsoron illa na cikin dalilan da mata suka fi ambata. Mace ta yi allura, al'adarta ta rikice, ko dai ɗige-ɗige ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ba wanda ya gaya mata haka na iya faruwa. Sai ta tsorata ta daina, ta kuma gargaɗi ƙawayenta. A ganina laifin ba nata ba ne, na wanda ya tsira mata allura ne ba tare da ya zauna ya yi mata bayani ba.

Shin hanyoyin nan suna hana haihuwa har abada?

Waɗannan da aka lissafa ba sa hanawa. Da an cire ashana ko robar mahaifa, ciki na iya shiga nan da nan. Allura ce kan jinkirta shi na wasu watanni.

Akwai inda aka ci nasara?

Akwai. A Habasha matan aure masu amfani da hanyoyin zamani sun tashi daga kashi 6 cikin 100 a 2000 zuwa 35 a 2016, bayan gwamnati ta horar da dubban mata ma'aikatan lafiya ta tura su ƙauyuka, suna bi gida gida. Ruwanda ta tashi daga kashi 10 a 2005 zuwa 45 a 2010, ita ma da taimakon ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, waɗanda mace ta san su, ba ta jin nauyin yi musu tambaya.