Maikurokwantirola mai ma'adanar filash

Maikurokwantirola ƙaramar kwamfuta ce da aka dunƙule a guntun silikon guda: sashen lissafi, da ma'adana, da ƙafafun karɓar saƙo da tura shi. Aiki ɗaya ake ɗora mata, ta yi ta maimaita shi a cikin rimot, injin wanki, mitar wuta ko injin mota. Ana ce mata mai filash idan manhajarta na zaune a filash, wata irin ma'adana da ba ta mantuwa in wuta ta ɗauke, amma ana iya goge ta da lantarki.

Irin na farko, kamar TMS1000 ta Texas Instruments da ta shiga kasuwa a 1974, tun a masana'anta ake dasa musu manhaja, ba gyara. Daga baya aka sami masu EPROM, wato ma'adanar da ake gogewa da haske, masu 'yar tagar gilashi a bayansu. Kafin a sake rubutu sai an cire su, an kanga su a hasken ultrabayolet na mintuna da dama. A 1993 kamfanin Microchip ya fito da PIC16C84 mai EEPROM, wata ma'adana da ake gogewa da lantarki, a shekarar kuma kamfanin Atmel ya fito da mai filash. Wannan ne ya sauƙaƙa sana'ar, domin yanzu ana iya sake loda manhaja cikin daƙiƙu, ƙwayar tana nan liƙe da dalma a allonta.

Ma'adanarsu 'yar kaɗan ce. ATtiny85 ƙafafu 8 gare ta, filash kilobayit 8, RAM (ma'adanar aiki da ke mantuwa in wuta ta ɗauke) bayit 512 kacal. ATmega328P, wadda ke cikin allon gwaji na Arduino Uno, tana da filash kilobayit 32, RAM kilobayit 2, EEPROM kilobayit 1. Hoton waya guda ba zai shiga ba, amma ya ishi duba zafi da kunna fanka. Filash ɗin waɗannan biyun yana jure gogewa kusan sau 10,000, EEPROM kuwa sau 100,000, shi ya sa saitin da ke yawan canzawa a EEPROM ake ajiye shi.

Ƙarfinsu na gaske yana cikin kayan da aka haɗa musu. Akwai agogon ƙirga lokaci, da hanyoyin magana da wasu na'urori irin UART, SPI da I²C. Akwai sashen da ke mayar da ƙarfin wuta zuwa lamba. In sashen mai bit 10 ne, wato gurbi goma na 0 ko 1, yana ba da lamba daga 0 zuwa 1023. Akwai kuma agogon gadi: in manhaja ta sandare ba ta taɓa shi a kan kari ba, sai ya sake tayar da na'urar. Yawancinsu suna iya barci, su ci wuta ƙalilan, har wani maɓalli ya tashe su, abin da ke sa batir ya daɗe.

Masu sarrafa bit 32 a lokaci guda, irin STM32 da aka gina kan sashen lissafi na ARM Cortex-M, sun yi araha sun karɓe ayyuka da yawa. Duk da haka masu bit 8 suna nan daram inda aikin bai wuce kunnawa, kashewa da ƙirgawa ba.