Jeren ƙananan zane-zanen alƙaluma

Jeren ƙananan zane-zane hanya ce ta nuna alƙaluma inda ake raba bayanai kashi-kashi, a zana wa kowane kashi ƙaramin zanensa, sannan a shimfiɗa su layi-layi kamar gidajen dara. Dukkan zane-zanen siffarsu ɗaya, girmansu ɗaya, ma'auninsu ɗaya. Alƙaluman ciki kaɗai ke bambanta. Da mai karatu ya gane yadda ake karanta na farko, sauran sai kallo.

Tarihi

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa. Francis Walker, wanda ya jagoranci ƙidayar Amurka ta 1870, ya yi amfani da ita a kundin taswirorin alƙaluma da ya fitar a 1874, yana ba kowace jiha ɗan zanenta. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera hotunan doki yana sukuwa, hoto bayan hoto, a kan wannan tsari. Edward Tufte na Jami'ar Yale ne ya yayata ta a littafinsa na 1983. Daga baya William Cleveland da Richard Becker na cibiyar bincike ta Bell Labs suka mayar da ita aikin kwamfuta a shekarun 1990. Yau ana yin ta da manhajojin zana alƙaluma irin su ggplot2 na Hadley Wickham a harshen kwamfuta na R, ko Matplotlib a harshen Python.

Shimfiɗa gidaje

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Wanda ya so nuna ruwan saman kowace, wata-wata, a zane guda, zai tara layuka 23 da za su sarƙe da juna, musamman a watan Agusta da damina ke tsaka, har a rasa wane layi ne na Wurno, wane ne na Yabo. Maganin shi ne kowace ta samu gidanta.

Sai dai 23 ba ta rabuwa daidai, ko ta ina aka ɓullo mata. Ana iya yin layi 4 na gida shida-shida, gida ɗaya ya rage. Abin da ya fi shi ne a bi mazaɓun sanata uku: ta Gabas tana da ƙananan hukumomi 8, ta Arewa 8, ta Kudu 7. Layi uku ke nan masu gida takwas-takwas, kowane layi da ma'anarsa, gurbin da ya rage a layin Kudu kuma a saka bayanin launuka a cikinsa. A allon waya gida takwas a jere ba ya karantuwa, don haka akan karya layin kashi biyu ko uku.

Wajen jera gidajen ma akwai zaɓi. Manhajoji sukan jera sunaye bisa haruffa, Binji, Bodinga, Dange Shuni, wanda ke sauƙaƙa neman suna amma ba ya koyar da komai. Idan aka jera daga arewa zuwa kudu, daga Illela da Gada na bakin iyakar Nijar har zuwa Kebbe, ido zai ga yadda damina ke ƙara nauyi yayin da ake gangarowa. Wasu kan ajiye kowane gida kusa da inda wurin yake a taswira.

Ma'auni

Nan ne aka fi yin kuskure. Idan aka bar kowane zane ya zaɓi ma'auninsa, wurin da ruwa ya yi ƙaranci da wurin da ya wadata za su fito da tsayi ɗaya, kwatancen ya lalace ba tare da mai karatu ya sani ba. Ƙa'ida ita ce ma'auni ɗaya ga kowa, a rubuta lambobinsa a gefen hagu da ƙasan jeren kawai, kada a cika takarda da maimaici. Ana sakin ma'auni ne idan siffar hawa da sauka ake nema, kamar farashin albasa da na gero da ba su kusa da juna, kuma dole a faɗa wa mai karatu an yi haka.

Akwai wata dabara mai amfani: a zana matsakaicin jihar da layi mai launin toka a bayan kowane gida, layin ƙaramar hukumar kuma ya fito da launi mai ƙarfi, ta yadda za a ga wadda ta haura da wadda ta gaza ba sai an waiwaya gidan maƙwabta ba.