Waiwaye: Sandar Batoniye da Rayuwar Lauya a Nijar

Duk wanda ya taɓa zama a harabar kotun Tawa ranar da ake shari'ar manyan laifuffuka ya san wannan hoto. Dangin wanda ake tuhuma suna zaune a inuwar bedi tun da sassafe, da kwanukan abincin da suka kawo wa ɗan'uwansu daga ƙauye, sai ga wani mutum ya shigo da jaka a hannu da baƙar riga a saɓe a kafaɗa, idanunsa ja saboda tafiyar fiye da kilomita 500 daga Yamai ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Shi ne lauyan. Dattijon gidan zai miƙe ya tare shi da hannu biyu yana cewa: “Metir, sannu da hanya, bayan Allah sai kai.” Wani lokaci kuma ba a fi minti goma da buɗe zama ba za a ɗage shari'ar, Metir ya naɗe rigarsa ya nufi tasha, dangi kuma su fara lissafin akuyar da za a sayar don kuɗin motarsa na zama mai zuwa. Wannan wahala ta ɓangare biyu ita ce zuciyar maganar da shugabannin ƙungiyar lauyoyin Nijar suka daɗe suna juyawa, kuma tana da tarihi.

A zamanin mulkin mallakar Faransa, lauyan da ke aiki a ƙasashen Afirka ta Yamma ba ɗan wata ƙungiya mai cin gashin kanta ba ne. Hukumar mulkin mallaka ce ke naɗa shi, kuma aikinsa ya fi karkata ga kotunan da ke bin dokar Faransa. Talaka kuwa shari'arsa tana gaban sarki da alƙali da kwamandan, babu mai tsaya masa. Bayan samun 'yancin kai a 1960, Nijar ta gaji tsarin shari'ar Faransa, ta kuma bar wa al'ada gurbinta a sha'anin aure da gado da gonaki, inda har yau masana al'ada ke zama gefen mai shari'a suna ba shi haske. Daga wancan gado ne aka samo sunan shugaban lauyoyi, wato batoniye, kalmar da asalinta sanda ce, domin a birnin Paris na da shugaban lauyoyi shi ke riƙe sandar tutar ƙungiyarsu. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, ya san abin da ake nufi idan aka ce an miƙa wa mutum sanda.

Dokar da ta tsara aikin lauya a ƙasar nan cikin wannan ƙarni ita ce mai lamba 2004-42 ta ranar 8 ga Yuni 2004. Shekara goma bayan haka, a ranar 25 ga Satumba 2014, majalisar ministocin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta amince da ƙa'ida mai lamba 05, wadda ta daidaita sharuɗɗan aikin a ƙasashe takwas na ƙungiyar, ta kuma fara aiki a farkon 2015. Ƙarƙashinta lauyoyi ne da kansu ke zaɓen batoniye na wa'adin shekara uku wanda ba a sabuntawa, tare da majalisar da ke taya shi aiki da ladabtar da wanda ya kauce. Mai son shiga sana'ar sai ya ci jarrabawar CAPA ta cancantar zama lauya, ya yi rantsuwa gaban kotun ɗaukaka ƙara, sannan ya yi shekara uku yana koyon aiki a ofishin wani babba. Kuɗin da aka biya wa wanda lauya ke karewa kuma ba aljihun lauya suke shiga ba, asusun CARPA na ƙungiyar lauyoyi suke bi, domin a raba amana da dukiyar kai. Abin da ya fi taɓa talaka a cikin ƙa'idar shi ne aya ta 5, wadda ta ba lauya damar tsayawa kusa da mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a komisariya ko a hannun jandarmomi, ba sai an kai shi gaban mai shari'a ba.

Idan aka waiwayi abin da jagororin ƙungiyar suka fi shahara da shi, za a ga cewa tsayuwa ce gaban masu mulki. A 2009, lokacin rikicin tazarce, Shugaba Tandja Mamadu ya rushe kotun tsarin mulki da Salifou Fatimata Bazeye ke jagoranta bayan ta ƙi amincewa da ƙuri'ar raba gardama, kuma a watan Yuli na wannan shekara lauyoyi suka ajiye rigunansu na kwana guda don nuna goyon baya ga kotun. Kundin tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya tanadi kujera ɗaya a kotun tsarin mulki ga lauyan da takwarorinsa suka zaɓa, alamar cewa an ɗauki ƙungiyar a matsayin ginshiƙi. A watan Agusta na 2025 ma lauyoyi sun dakatar da aiki na kwana biyu bayan rushe ƙungiyoyin ƙwadago na ɓangaren shari'a. Waɗannan ranaku su ne rediyo ke ɗauka, kuma sun cancanci a tuna da su, domin lauyan da ke tsoron hukuma ba zai iya kare kowa ba.

Sai dai sandar tana da wani nauyi na cikin gida wanda ba kasafai ake jin sa a labarai ba, kuma a ganina shi ne ya fi wuyar ɗauka. Batoniye uba ne ga mutanen da rayuwarsu ta sha bamban ƙwarai da gaske. Akwai manyan ofisoshi a Yamai da ke riƙe da dosiyoyin bankuna da kamfanonin sadarwa da na ma'adinai, waɗanda tun da aka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA ta daidaita dokokin kasuwanci a 1993 aikinsu ke kai su har kotun ƙungiyar a Abijan. Akwai kuma matashin da ya yi rantsuwa bara, wanda ke yawo bisa kabu-kabu daga magatakardar kotu zuwa gidan kaso da takardu a ƙirji, yana jiran abin da maigidansa zai ba shi a ƙarshen wata. Doka ta hana shi kasuwanci, ladabin sana'a ya hana shi tallan kansa kamar mai tireda, ga haya, ga kuɗin ƙungiya, ga dangin da suka ji an ce ɗansu ya zama Metir suka ɗauka arziki ya sauka. A waje kuma ga 'yan kamasho da ke tare mutane a ƙofar kotu suna cewa sun san hanya, suna karɓar kuɗin da ya fi na lauya. Shugaban da ke wa'azin mutunci da riƙon amana dole ya dubi wannan matashi, domin an ce yunwa ba ta san na gida ba, kuma ladabtar da wanda ya ci amanar kuɗin mutane ba ya wadatarwa idan ba a gyara halin da masu tasowa ke ciki ba.

Daga nan ne maganar ta dawo Tawa. Mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, saboda can ne ma'aikatu da kamfanoni da masu iya biya suke. Jihar Tawa tana da kotun ɗaukaka ƙara, tana da Jami'ar Djibo Hamani inda ake karantar da ilimin doka, amma ɗalibin da ya gama ya zama lauya da wuya ya buɗe ofis a Madawa ko Illela ko Abalak. Gwamnati ta yi ƙoƙarin cike giɓin da dokar 14 ga Disamba 2011, wadda ta kafa hukumar ANAJJ mai ba marasa hali taimakon shari'a, kuma batun samun adalci ga talaka yana cikin abin da aka tattauna a babban taron ƙasa kan shari'a da aka yi a Yamai cikin Nuwamba 2012. A inda babu lauya, akan naɗa wa wanda ake tuhuma mai kariya daga cikin mutanen gari masu ilimi, irin malaman makaranta, waɗanda ake kira DCO. Mutane ne masu niyyar alheri, na kuma ga wanda ya kwana yana karanta dosiye da fitilar waya, amma wanda ke fuskantar ɗaurin shekara ashirin ya cancanci wanda ya koyi wannan aiki ya ƙware. Haƙƙin da aya ta 5 ta bayar ma ba shi da amfani ga wanda aka tsare a Cintabaradan idan lauya mafi kusa yana Yamai, bakin kogin Isa.

Jihar nan ta riga ta ga abin da lauya zai iya yi idan ya samu goyon baya. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara goma sha biyu a yankin Ƙonni, ta kai ƙarar ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da kuma lauyoyi, kuma a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan goma. Tun da ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025, wannan ƙofa ta rufe ga sababbin ƙararraki, abin da ke nufin cewa irin wannan shari'a yanzu ba za ta iya zuwa waccan kotu ba. Nijar tana nan cikin UEMOA, don haka ƙa'idar 2014 tana aiki, amma nauyin da ke kan lauyan gida ya ƙaru.

Akwai kuma sabon batu da ke jiran duk wanda ya riƙe sandar. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A zauren kotun Tawa har yanzu dosiye da Faransanci ake rubuta shi, kuma manomin da ake tuhuma yana jin makomarsa ne ta bakin tafinta, wanda kan taƙaita jawabin rabin awa cikin jimla uku. Lauyoyi da yawa Hausa suka sha a nono, da ita suke magana da dangi a inuwar bedi, amma da zarar sun sa baƙar riga sai su koma harshen da wanda suke karewa ba ya ji. Horar da matasa su iya bayyana doka da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci, biyan kuɗin kariyar marasa hali a kan lokaci ta yadda zama a jiha zai ciyar da lauya, da tsara zuwan lauyoyi garuruwan nesa bi da bi, duk abubuwa ne da majalisar ƙungiyar ke da bakin magana a kansu tare da ma'aikatar shari'a. Wa'adin batoniye shekara uku ne kacal, daidai da tsawon koyon aikin matashin da ya yi rantsuwa ranar da aka miƙa masa sanda, kuma a ƙarshen waɗannan shekaru ne matashin zai yanke shawarar garin da zai kafa allon ofishinsa.