Littafi ya koma cikin waya: wa ya ci riba, wa ya yi asara?

Yaushe aka fara karanta littafi a na'ura?

Abin ya girmi wayar hannu. Tun 1971 Michael Hart ya fara ɗora rubuce-rubuce a kwamfuta a Amurka, aikin da ya zama Project Gutenberg, rumbun littattafan kyauta a intanet. Sai dai kasuwar ba ta kankama ba sai a 2007, da kamfanin Amazon ya fito da Kindle, na'urar karanta littattafai.

Me ya canja ga marubuci?

Dillali ne ya fita daga tsakiya. A zamanin da littattafan soyayya na Kano ke tashe, marubuciya takan nemi kuɗin takarda da na maɗaba'a, ta kai wa 'yan kasuwa, su karɓa bashi, sai sun sayar su biya ta, wani lokacin a gutsuttsure. Yanzu a waya take rubutawa. Ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, daidai inda labari ya ɗauko zafi ta tsaya cak. Mai son ci gaba ya tura kuɗi asusunta, ya turo shaidar biya, a jefa shi cikin rukunin masu karatu. A Amazon kuwa marubucin da ya wallafa da kansa yana iya samun har kashi 70 cikin ɗari na kuɗin littafin, abin da kamfanin ɗab'i na gargajiya ba ya bayarwa.

To ina matsalar?

Sata. Mutum ɗaya ya biya, kafin magariba littafin ya zagaye rukunoni, wasu ma su karanta shi a YouTube suna cin kuɗin talla. Shi ya sa ake ganin Allah ya isa a saman shafi tun kafin a shiga labari.

Akwai kuma rashin edita. Babu mai duba ƙa'idar rubutu, har ƙ da ɗ sun fara zama baƙi, a rubuta "kasa" mai karatu ya yi ta laluben ko ƙasa ake nufi.

Littafin da na saya a manhaja nawa ne?

Sau da yawa izinin karatu ka saya. A 2009 Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin waɗanda suka biya, saboda rikicin haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu. A Najeriya kuma OkadaBooks, manhajar wallafa da sayar da littattafai wadda aka kafa a 2013, ta rufe a ƙarshen 2023, marubuta suka shiga neman inda za su kwashe kayansu.

Ke nan takarda ta mutu?

Da sauranta. Makarantun boko da na Islamiyya har gobe littafin hannu suke so, kuma shi ba ruwansa da caji ko data. Abin da ke karya shi a Najeriya tsada ce: daga waje ake shigo da mafi yawan takarda, don haka duk ranar da dala ta hau, kuɗin ɗab'i ma ya hau.