Waiwaye: Yadda ciwon damuwa ke karkatar da fahimtar zukatan mutane

Idan mai ciwon damuwa ya ga matarsa ta yi shiru ya ce fushi take yi da shi, 'yan uwa sukan ce ya cika zargi, ko su ce miskilanci ne kawai. Masana halayyar ɗan Adam sun shafe kusan shekara 60 suna bin diddigin wannan lamari, kuma ra'ayinsu ya sauya fiye da sau ɗaya.

A shekarun 1960 Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ya lura cewa marasa lafiyarsa suna yi wa abu uku mummunar fassara: kansu, duniyar da ke kewaye da su, da kuma gobensu. A cikin wannan duniya har da mutane. Mutum zai yanke cewa an gaji da shi alhali babu wanda ya faɗa.

Sai James Coyne ya zo a 1976 da wani gwaji mai sosa rai. Ya sa ɗalibai hira ta wayar tarho na minti 20 da matan da ba su sani ba, wasu masu ciwon, wasu lafiyarsu lau. Ɗaliban da suka yi magana da masu ciwon sun tashi ransu a jagule, kuma ba su nuna sha'awar sake hulɗa da su ba. Ke nan idan mara lafiya ya ce mutane suna ja da baya da shi, ba kullum ne yake ƙirƙira ba. A ganina wannan binciken ya kamata iyalai su fi sani, domin ya nuna cewa wani ɓangare na matsalar yana wajen masu lafiya.

Ma'aunin da ake amfani da shi yau wajen gwada yadda mutum ke fahimtar zuciyar wani, daga wani fagen aka aro shi. A 1978 David Premack da Guy Woodruff suka tambaya ko birin cimpanzi yana gane cewa wani na da nasa nufin. Daga nan aka koma kan ƙananan yara, sannan masu galahanga. Simon Baron-Cohen na Jami'ar Cambridge ya tsara gwajin da aka sabunta a 2001: hotuna 36 na idanu kaɗai, a zaɓi kalma ɗaya cikin huɗu da ta dace da abin da ke ran mai idon.

Da aka gwada shi kan masu damuwa sai sakamako ya rabu biyu. A 2005 Kate Harkness da abokan aikinta a Jami'ar Queen's ta Kanada suka gano cewa matan da ciwon ya yi wa tsanani sun fi masu lafiya yin kuskure. A shekarar nan dai, suka gano cewa ɗaliban da damuwarsu ba ta yi nisa ba sun fi ɗaliban da ba su da damuwa iya karanta idanun. Bayanin da aka bayar shi ne, wanda ke tsoron a guje shi yakan zuba ido sosai kan fuskokin mutane, har sai ciwon ya yi nauyin da hankali ba ya iya tattaruwa. A 2016 Emre Bora da Michael Berk suka haɗa bincike 18 wuri guda, suka ga lallai masu ciwon suna da rauni wajen fahimtar zukatan mutane, raunin matsakaici ne, kuma yana ƙaruwa gwargwadon tsananin ciwon.

Tausayi kuwa bai gushe ba. Bincike da dama ya nuna masu ciwon sukan ji zafin halin da wani ke ciki har ya fi ƙarfinsu, sai su janye jiki, a ɗauka rashin kula ne.

Shin karkatar tana gyaruwa? A 2009 Catherine Harmer ta Jami'ar Oxford ta ba marasa lafiya maganin damuwa sau ɗaya tak, ko ƙwayar da babu magani a ciki. Cikin 'yan sa'o'i waɗanda suka sha na gaske suka fara gane fuskar fara'a fiye da sauran, tun kafin su ji wani sauƙi a ransu. Harmer ta ce wataƙila wannan ne ya sa maganin ke ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa: gani ne yake fara daidaituwa, sannan mutum ya ci gaba da cuɗanya da jama'a har ya sake yarda cewa ana maraba da shi.