Wai mece ce ma'anar "palliative" ɗin nan da ta cika mana kunne?

Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, babu kalmar Turancin da ta shiga bakin jama'a kamar palliative. Gwamna ya faɗa, kwamishina ya faɗa, mai gabatar da shirin siyasa na dare sai ya faɗe ta sau goma kafin a tafi talla, har tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba za ka ji tana tambayar mai unguwa wai yaushe za a kawo faliyatif ɗin layinsu. Kowa ya san abin da ake nufi in an faɗa, shinkafa ce ko masara ko taliya, wani lokaci 'yan kuɗi a asusu, wannan ba sai an tsaya bayani ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake furta ta da alfahari, a buga ta ɓaro-ɓaro a jikin buhu haɗe da hoton mai girma, a kira 'yan jarida a yi taro, alhali kalmar nan in ka bi ta har gidansu ba kalmar tinƙaho ba ce ko kaɗan.

Kalmar asibiti ce. Likita yana da hanya biyu a kan mara lafiya, akwai maganin da ke kashe cutar, akwai kuma wanda ke kwantar da zafinta kawai ba tare da ya taɓa tushenta ba. Na biyun nan shi ne palliative. Mai ciwon dajin da ya riga ya bazu a jiki, an duba an ga tiyata ba za ta yi ba, sai a koma ga rage masa raɗaɗi, a ba shi abin da zai sa ya iya barci, ya iya cin abinci, ya iya hira da iyalinsa. Saboda haka duk wanda ya ce maka ga palliative, a Turancin gaskiya ya gaya maka abu biyu a lokaci guda: na san kana jin ciwo, kuma wannan da nake ba ka ba zai warkar da kai ba. Kashi na biyun nan ne ya ɓace a hanya kafin kalmar ta iso gidajen rediyonmu.

In ka ƙara tonawa baya sai abin ya ƙara fitowa fili. Asalinta daga Latin ne, pallium, wato mayafi ko a ce alkyabba, wani faffaɗan ƙyalle da mutanen Rum na da suke yafawa a kan kayansu. Daga nan aka samo palliare, lulluɓewa, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Har yau Fafaroma yana ba manyan limaman Katolika wani ɗan mayafin ulu da suke ratayawa a kafaɗa, kuma sunansa pallium. To ka ga hoton da ke cikin kalmar, ciwo yana nan daram a jiki, an dai yafa masa mayafi. Shi ya sa a tsohon Turanci in aka ce mutum ya yi palliate ɗin laifinsa, ana nufin ya yi rufa-rufa, ya kawo uzuri don laifin ya yi ƙanƙanta a idon mutane. Kuma har gobe in ka ga marubucin jarida a Ingila ko Amurka ya kira wani shirin gwamnati da palliative, galibi suka yake yi, yana cewa ne an bar jaki ana dukan taiki, an kawo abin wucin gadi an ƙi taɓa matsalar. Ɗan adawa ne ke jifan gwamnati da ita. A nan kuwa gwamnati ce da kanta ke ɗaukar kalmar tana liƙa wa aikinta, magoya baya suna tafi, wallahi duk lokacin da na ji haka sai raina ya ɓaci.

Ba a 2023 ta fara shigo mana ba. A Janairun 2012 da gwamnatin Jonathan ta taɓa tallafin mai aka fito zanga-zanga, motocin bas ɗin da aka yi alkawari da sunan nan aka kira su. Amma shekarar korona ce ta kai ta har cikin lungu. A 2020 da aka kulle gari, gamayyar 'yan kasuwar nan ta CACOVID ta sayi abinci don a raba wa talakawa, sai ga shi a watan Oktoba bayan rikicin EndSARS jama'a sun fasa rumbuna a Legas da Ilorin da Kalaba da Kaduna da Bukuru ta Jos, wanda duk ya ga bidiyon Bukuru ba zai manta mutane a kan rufin sito suna jeho buhuna ƙasa ba. Daga wannan lokacin ne kalmar ta tashi daga abin da ake yi wa ciwo ta koma abin da ake ɗauka a ka. Aka fara cewa an sace palliative, an ɓoye palliative, an karkatar da tirela biyu ta palliative.

Ni ba na cikin masu cewa dole ɗan Najeriya ya yi Turanci irin na mutumin Landan, harshe yana tafiya ne da masu amfani da shi, kuma muna da kalmomin da muka juya suka zama namu ba wanda ya mutu. Damuwata da wannan ita ce juyawar da aka yi mata ta amfani masu mulki, talaka kuma ta cuce shi.

Dubi yadda masu aikin na gaskiya suke yin sa. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas, ta yi aikin jin daɗin jama'a, daga baya ta koma ta karanta likitanci, ita ce ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967 don marasa lafiyar da aka fid da rai da warkewarsu. A zamanin, al'adar asibiti ita ce a jira sai mara lafiya ya fara ihu sannan a yi masa allura. Ita kuwa ta ce a'a, a ba shi maganin kashe zafi a kan lokaci, bayan kowane awa huɗu in mofin ne, tun kafin zafin ya dawo, domin fargabar dawowar zafin ma wani ciwo ne mai zaman kansa. Ta kuma ce zafin mutum ba a jikinsa kaɗai yake ba, akwai na zuciya, akwai tunanin iyali da abin da za su ci bayansa, akwai na tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma duk sai an kula da su. Wani likitan Kanada, Balfour Mount, ya je ya ga aikinta ya koma ya buɗe irin wannan sashe a asibitin Royal Victoria da ke Montreal a 1975, shi ne ya laƙaba wa aikin sunan palliative care, saboda kalmar da ake amfani da ita a Ingila, wato hospice, a kunnen masu jin Faransanci na Quebec tana nufin gidan ajiye gajiyayyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar rage zafin ciwon daji a 1986, kuma cikin ginshiƙanta akwai wannan maganar ta bin agogo. Daga baya ma hukumar ta fayyace cewa ba sai an fid da rai ake fara wannan kulawa ba, ana iya haɗa ta da maganin warkarwa tun farkon ciwo, a riƙa rage zafi a gefe guda ana yaƙar cutar a ɗaya gefen.

To yanzu a ɗora wannan a kan abin da muka gani. Da aka cire tallafin a 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta kai 617 a Abuja. A watan Agusta aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha haɗe da tirelolin shinkafa, kuma wani kaso na kuɗin ma bashi ne da jihohi za su biya. Ɗauki Kano, ka yi mata lissafi da ƙidayar 2006 ma wadda ta ba ta mutum miliyan 9.4, ka manta da duk waɗanda aka haifa tun daga lokacin, za ka ga kowane mutum bai wuce naira 530 da 'yan kai ba, kuɗin da bai sayi lita ɗaya ba a ranar. Kuma sau ɗaya. Tsadar kuwa kullum ce, da safe in za ka hau adaidaita, da rana in za ka auno garin masara, da dare in ɗanka ya yi zazzaɓi. Wanda ya ba mai ciwo ƙwaya ɗaya ya tafi bai dawo ba sai bayan wata shida, ko a ma'aunin masu rage raɗaɗin bai yi aikin ba. Kenan abin da ake raba mana bai kai matsayin sunan da aka ba shi ba, sunan da shi kansa yake nufin abin da bai kai magani ba.

Balle a zo ga yadda ake rabon. A asibiti ma'aikacin jinya ne ke zuwa gadon mara lafiya. Mu kuwa sai a tara dubban mayunwata a fili ɗaya tun asuba a bayan ƙofa ɗaya, har a watan Maris na 2024 ɗalibai mata biyu suka rasu a turmutsutsun rabon shinkafa a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Allah ya ji ƙansu. Abin da aka kawo don rage raɗaɗi shi ya jefa gidaje biyu cikin raɗaɗin da ba ya ragewa.

Sannan akwai wani ruɗanin da ya fi wannan ba ni haushi, kuma wannan namu ne na masu Hausa. Subsidy mun ce tallafi. Palliative ma da yawa sun ce tallafi. Empowerment, wata kalmar da 'yan siyasa suka tsotse ta har ta zama rabon baro da keken ɗinki, ita ma tallafi. Sai ka ji an karanta labari cewa gwamnati ta fitar da tallafi saboda cire tallafi, mai sauraro a ƙauye ya ɗauka an cire abu ne an mayar masa da irinsa. Ba iri ɗaya ba ne sam. Tallafin mai, duk da satar da aka tafka a cikinsa wadda kwamitin majalisa ya bankaɗo tun 2012, yana cikin farashi ne, yana isa ga duk wanda ya hau mota ko ya sayi tumatirin da mota ta ɗauko, ba layi, ba sunanka a takarda, ba sai kansila ya san ka ba. Ɗayan kuwa sai an rubuta ka, kuma kowa ya san su wa ke riƙe da biron. Editocin da suka zaɓi su ce kayan rage raɗaɗi sun kyauta, sun fi masu Turancin ma riƙe amanar kalmar, don duk wanda ya ji rage raɗaɗi ya san ciwon yana nan.

Abin ya kai yanzu ana cewa Ramadan palliative, ana cewa Sallah palliative. Haba jama'a, azumi ciwo ne? Wanda ya ciyar da mai azumi daga aljihunsa sadaka ya yi, muna da sunanta tun kafin Bature ya zo, Allah ya ba shi lada. Wanda kuma ya raba daga baitulmali haƙƙin mutane ya miƙa musu, ba kyauta ya yi ba, bai kamata a tsugunna ana yi masa godiya kamar daga gonarsa ya ɗebo ba. Kalmar nan ta Turanci ta zo ta haɗe sadaka da haƙƙi da kamfen a buhu ɗaya, ba ka iya bambance wanne ne wanne. Ina kuma jin tsoron ranar da likita zai zaunar da iyalan mara lafiya ya ce musu lokaci ya yi da za a koma palliative care, magana mai nauyi wadda ke buƙatar natsuwa, su kuma abin da zai fara zuwa ransu shi ne layin shinkafa.

Waɗanda na ga suna amfani da ita daidai a ƙasar nan injiniyoyin hanya ne. In hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA ko ma'aikatar ayyuka ta ce za ta yi palliative a wata hanya, tana nufin za a cike ramuka da tsakuwa da ɗan kwalta don motoci su samu wucewa kafin a ba da kwangilar sake ginin hanyar gaba ɗaya. Ba sa kiran sa sabon titi, kuma duk direban da ke bin hanyar ya san damina ɗaya ce za ta buɗe ramukan. Saboda haka in injiniya ya faɗi kalmar, tambayar da ke biye ita ce yaushe za a fara babban aikin. Irin tambayar da nake so in ji 'yan jaridarmu suna yi ke nan duk ranar da wani kwamishina ya zauna a gaban makirfo yana lissafa buhuna: ranka ya daɗe, wata nawa za a yi ana bayarwa, ranar nawa ga wata, gida nawa ne a cikin jerin kuma wa ya rubuta su, sannan wane aiki ake yi a kan kuɗin mota da farashin abinci da zai sa baɗi ba sai an sake tara mutane a fili ba.