Waiwaye: Dynamo-2, zakaran da aka hana hawa rukunin manya a Yukren

Sau 3 a jere, a 1999 da 2000 da 2001, ƙungiyar Dynamo-2 ta birnin Kyiv ta lashe gasar rukuni na biyu ta ƙasar Yukren, amma ko sau ɗaya ba ta hau babbar gasa ba. Doka ce ta tare mata hanya: uwa da ɗiya ba sa buga rukuni ɗaya, ita kuwa uwar, Dynamo Kyiv, tana can sama tana ɗaukar kofi duk shekara tun daga 1993 har 2001.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, Yukren ta kafa gasarta a 1992. Dynamo ta shigar da ƙungiyar matasanta cikin gasar ƙwararru, yaran makarantar horon ƙwallonta suka riƙa gwabzawa da magidanta masu cin abinci da ƙafarsu. A nan Andriy Shevchenko ya fara zura ƙwallaye kafin a ɗauke shi babbar ƙungiya a 1994. Ya kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai a 1999 ƙarƙashin koci Valeriy Lobanovskyi, wanda makarantar ke ɗauke da sunansa yau, sannan ya koma AC Milan ya ci Ballon d'Or a 2004. Har Dynamo-3 aka yi, tana buga rukuni na uku.

Lamarin ya fara sauyawa a 2004, da aka ƙirƙiro gasa ta daban don 'yan benci da matasan manyan ƙungiyoyi. Gasar 'yan ƙasa da 19 ta biyo baya a 2012. Riƙe ƙungiya ta biyu a gasar ƙwararru ya zama kashe kuɗi sau biyu kan aiki ɗaya, ga shi kuma Dynamo ta riga ta saba da sayo 'yan wasa daga waje, ciki har da 'yan Najeriya irin su Ayila Yussuf da Lukman Haruna. Aka rufe Dynamo-3 a 2008, aka janye Dynamo-2 a 2016.

A ganina an tafka asara a nan. Yaron da bai taɓa shan gwiwar hannun ɗan baya mai shekara 30 a fili mai caɓi ba, horonsa bai kammala ba, komai yawan ƙwallayen da ya ci sa'o'insa. Duk da haka makarantar ba ta daina haihuwa ba: Illia Zabarnyi, da Bournemouth ta saya a 2023, ɗanta ne.